Maki 247 bai kai ta likitanci ba, mai 192 ya samu gurbi: yaya ake wannan lissafin?

Kawun Yara:

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar shiga jami'a ku warware mini wannan. 'Yar yayata ta ci 247 a jarrabawar JAMB, ta nemi likitanci a wata jami'ar tarayya da ke nan Arewa. Jami'ar ta sanar cewa duk mai 180 zai iya zuwa tantancewa, ta je ta yi. Sunaye sun fito kashi na farko da na biyu, babu nata. Yaron da suka gama sakandare tare, mai 192, tuni ya samu koyarwar Fiziks a jami'ar nan ɗaya. A gida an fara cewa sai da hanya. To shin hanyar ce, ko akwai lissafin da ba mu sani ba? Kuma waɗanne kwasa-kwasai ne suka fi wuyar samu, me ya sa?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Kawu. Ba zan rantse cewa babu mai shiga ta hanya ba, amma abin da ka faɗa ba ya buƙatar hanya kafin ya faru. Haka lissafin yake fitowa kowace shekara.

Maki iri uku ne mutane suke haɗawa wuri guda. Akwai wanda ake yankewa a taron da JAMB take yi da shugabannin makarantu duk shekara: a 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, a 2025 aka ɗaga zuwa 150. Ma'anarsa kawai kada wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Sai na jami'a, irin 180 ɗin nan da kuka gani, wanda izinin zuwa tantancewa ne. Na uku shi ne makin kwas, kuma shi ne mai yanke hukunci. Shi wannan ba a zama a ƙirƙire shi tun farko. Ana jera waɗanda suka nemi kwas ɗin daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a yi ta ɗauka har kujeru su ƙare. Makin mutumin ƙarshe da ya shiga, shi ne makin kwas ɗin na bana. Shi ya sa yake hawa da sauka, kuma shi ya sa na bara ba alkawari ba ne.

Ke nan 'yarku ba da yaron nan mai 192 ta yi takara ba. Layinsu daban. Ita tana layin da ya tara kusan duk yaran da suka fi kowa ci a ajin kimiyya, shi kuwa yana layin da wani lokaci kujeru suke fin masu nema yawa.

Ga dalilin da ya sa kujerun likitanci ba sa ƙaruwa da sauri ko da masu nema sun ninka. Jami'a ba ta da ikon ɗaukar yadda ta ga dama. Hukumar likitoci ta MDCN ita take ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, bayan ta duba yawan malamai, gadajen asibitin koyarwa, ɗakunan gwaji da sauransu. Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ba za su faɗaɗa cikin dare ɗaya don yara da yawa sun ci JAMB ba. Haɗa magunguna yana ƙarƙashin hukumar PCN, aikin jinya yana da tasa majalisar, gwaje-gwajen asibiti yana da hukumar MLSCN, karatun lauya kuma Majalisar Ilimin Shari'a ce take ba kowace jami'a kasonta, daidai da abin da makarantar horar da lauyoyi za ta iya ɗauka. Kwas kamar Tarihi ko Lissafi ba shi da irin wannan takunkumi na biyu, iyakarsa abin da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince jami'ar za ta iya riƙewa.

In za a jera su bisa yadda aka saba gani a manyan jami'o'in tarayya irin su ABU, BUK, Danfodiyo da ta Maiduguri, likitanci ne a sama. Daga shi sai lauya, haɗa magunguna, jinya da likitancin haƙori. Biye da su akwai gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton asibiti da gashin ƙashi, waɗanda a da ake ɗauka mafaka ce, yanzu kuwa sun cika maƙil saboda duk wanda likitanci ya kayar can yake gangarawa. Kimiyyar kwamfuta da 'yan'uwanta, irin su tsaron intanet da injiniyancin manhaja, su ma sun yi tsada a 'yan shekarun nan. A ƙasa kuma za ka tarar da yawancin kwasa-kwasan koyarwa, noma, gandun daji, kiwon kifi, harsuna, da tsantsar kimiyya kamar Fiziks da Lissafi.

Kada kuma a raina 247. A 2024 da 2025 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna JAMB ba su kai 200 cikin 400 ba. Yarinyar ta yi ƙoƙari. Matsalar ita ce 'yan tsirarun da suka haura 270 ko 300, yawancinsu wuri ɗaya suke nufa da ita.

Hajiyar Rajista:

Malam ya yi bayanin layi. Bari in ƙara abu biyu da iyaye ba su cika sani ba, don su ne suke sa a ga kamar an yi rashin adalci ko a cikin kwas ɗaya.

Na farko, a jami'ar tarayya layin kwas ɗaya kashi uku ne. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, ko daga wace jiha kake. Kashi 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta. Kashi 20 na jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko, waɗanda ake kira ELDS. Su 23 ne: duk jihohin Arewa 19, da Bayelsa, Ribas, Kuros Riba da Ebonyi. A ce kwas yana da kujera 100, to 45 ne kacal ake bugawa da duk Najeriya. Sauran sai a koma jiha-jiha, kuma kowace jiha da nata makin ƙarshe. Nan ne ɗan jihar da take da masu nema da yawa, kamar Kano ko Kaduna, zai faɗi da makin da ɗan wata jiha mai ƙarancin masu nema zai wuce da shi. Kasancewa ɗan ELDS a jami'ar Arewa ba wata garaɓasa ba ce sosai, tunda kusan kowa a layin ɗan ELDS ne. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiharta take fifitawa, sau da yawa ma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma ake rabawa.

Na biyu, 247 ɗin nan ba shi ake jerawa da shi ba. Akwai jimillar maki, kuma kowace jami'a da yadda take haɗa ta. Zan kawo na jami'o'i biyu na Kudu domin nasu a bayyane yake. Ibadan tana raba makin JAMB gida 8, ya zama bisa 50, ta ɗauki jarrabawar tantancewa ita ma bisa 50. Jami'ar Legas tana ba JAMB 50, tantancewa 30, sakamakon sakandare 20. A wajen sakandaren, darussa biyar na kwas ɗin ake ƙirgawa: A1 maki 4, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 2.

Mu gwada da yara biyu na misali a tsarin Legas. Na farko ya ci 280 a JAMB, wato 35. Ya samu 18 a tantancewa. Takardarsa B3, C4, C4, C5, C6, wato 13.2. Jimilla 66.2. Ta biyu ta ci 256, wato 32. Ta samu 24 a tantancewa. Takardarta A1, B2, B2, B3, B3, wato 17.6. Jimilla 73.6. Wanda ya fi ta da maki 24 a JAMB ya ƙare a bayanta da fiye da maki 7. Dalili kuwa a fili yake: maki takwas na JAMB maki ɗaya ne tak a jimilla. Yaro zai kwashe wata shida yana karatun JAMB, ya tafi tantancewa ba shiri, alhali nan ne ake tsere wa juna.

Don haka, Kawu, abin da za ku nema shi ne jimillarta da kuma inda aka tsaya a layin jiharku. In ba ku da waɗannan biyun, duk maganar da ake yi a gida zato ne.

Sannan ku buɗe shafinta na CAPS, manhajar da JAMB take tafiyar da ɗaukar ɗalibai da ita tun 2017, ku duba abubuwan da suke kayar da yara masu maki mai kyau tun kafin a zo jeri. Shin an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB? Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, in bai koma cibiyar CBT, inda ake rajista da zaman jarrabawar a kwamfuta, an ɗora masa ba, jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba ko nawa ya ci. Ɗorawa a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba. Shin kiredit biyar ɗin, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ta same su? Jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin zama biyu a likitanci, ko da suna karɓa a wasu kwasa-kwasan. D7 da E8 kuma ba kiredit ba ne, komai kusancinsu. Shin jami'ar ce zaɓinta na farko? Manyan jami'o'in tarayya ba sa waiwayar mai zaɓi na biyu a kwas mai cunkoso. Sai shekaru: 16 ne mafi ƙaranci.

Kawun Yara:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Mun duba, sakamakonta yana ciki, zama ɗaya ne. Amma mun ga saƙo a CAPS ɗin cewa jami'ar tana son mayar da ita Maikurobayoloji, ana jiran amincewarta. Wani ya ce ta karɓa kawai, in ta yi ƙoƙari a aji ɗaya za ta koma likitanci a aji biyu. Gaskiya ne?

Likitan Unguwa:

Kawu, kada a gina shawara a kan wannan maganar. Ta yi wa yara da yawa illa.

Kason MDCN ba a ƙofar shiga kaɗai yake aiki ba. Hukumar tana yi wa ɗaliban likitanci rajista da lamba tun suna makaranta, kuma wanda ba ya cikin kaso ba shi da tabbacin za a rantsar da shi ko ya gama. Saboda haka kujerun aji biyu a ƙirge suke. Masu cike su su ne 'yan aji ɗaya na likitanci da suka tsallake, da kuma masu shigowa aji biyu kai-tsaye da takardar karatun gaba da sakandare, abin da ake kira DE. Wasu jami'o'in sun rufe ƙofar sauya kwas zuwa likitanci gaba ɗaya. Inda ake bari, kujera ɗaya ko biyu ce za ka ga ɗaruruwan 'yan Bayokemistiri, Maikurobayoloji, Anatomi da Fiziyoloji suna hanƙoro, kowa da sakamako mai kyau. Ku tambayi ofishin kula da harkokin karatu na jami'ar ko ƙa'idarsu ta yarda, kuma mutum nawa aka sauya wa bara. Amsar za ta ishe ku.

Hanyoyin da suke na gaske su ne waɗannan, kowace da kuɗinta.

Ta sake zama JAMB. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40. Mai 247 yawanci akwai darasi ɗaya da ya ja shi ƙasa, galibi Fiziks ko Kemistiri. A duba takardar sakamakon, makin kowane darasi yana jiki. In ta ci 70 a Bayoloji da 48 a Fiziks, an san inda aikin yake. Tana iya karɓar Maikurobayolojin ta kuma sake JAMB tana aji ɗaya, amma a sani cewa in ta samu likitancin daga aji ɗaya za ta sake farawa, kuma haɗa karatu biyun yakan raunana duka.

Ko ta yi IJMB, wanda ABU take kula da shi, ko JUPEB. Karatun kusan shekara guda ne, darussa uku, A tana da maki 5, B 4, C 3, har zuwa E mai 1. Ana shiga aji biyu da shi ta DE. Sai dai a likitanci kujerun DE sun fi na JAMB ƙaranci, ana neman kusan A a duka ukun, kuma ba kowace jami'a take karɓar kowanne ba. A tabbatar kafin a biya, a kuma tabbatar cibiyar tana da rajista, domin JAMB tana tantance takardun DE daga tushe yanzu.

Ko ta sauya jami'a maimakon kwas. Makin da bai isa a tsohuwar jami'a mai suna ba yana iya isa a sabuwa ko ta jiharku. Yanzu akwai jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Azare, kuma jami'o'in jihohi da dama sun buɗe tsangayar likitanci. Abin dubawa kafin a tafi shi ne matsayin amincewar MDCN da NUC a kan kwas ɗin, domin sabuwar tsangaya tana iya samun izinin fara karatun farko ba ta kai ga izinin ɓangaren asibiti ba, ɗalibai su tsaya cik a tsakiya.

Wani abu da ba a faɗa wa yara: samun gurbin ba shi ne ƙarshen tacewa ba. Shekara shida ce, akwai tacewa daga aji ɗaya zuwa biyu, sannan babbar jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri, inda makin ci 50 ne. Wanda ya faɗi ya sake, ya kuma faɗi, ana iya mayar da shi wani sashe bayan ya ci shekara uku. In abin da take so shi ne aikin asibiti ba lallai sunan dakta ba, a duba jinya ko gwaje-gwaje, shekara biyar-biyar, da lasisin aiki a ƙarshe. Likitancin dabbobi ma shekara shida ne, darussan JAMB ɗinsu ɗaya, kuma layinsa bai kai na likitancin mutane tsawo ba, ga shi a ƙasar da dabba take ko'ina.

Mai Alli:

Duk an karkata ga kimiyya, bari in ce wani abu game da ɗaya ɓangaren, don masu karantawa da yaransu 'yan ajin adabi ne ko kasuwanci.

Manufar gwamnati ita ce jami'a ta gama-gari ta ba kimiyya kashi 60 na gurabenta, sauran fannoni 40. A jami'o'in fasaha, irin ta Minna, rabon 80 da 20 ne. Amma masu neman lauya, aikin jarida, kimiyyar siyasa, akanta, harkar kasuwanci da gudanar da mulki ba su ragu ba. Sai ka ga cunkoso a kashi 40 ɗin, a can kuma kujerun Fiziks da noma suna neman mai zama. Yaro ɗan adabi mai 230 yana iya rasa aikin jarida, ɗan kimiyya mai 185 ya samu Kemistiri. Ba wai an fi son ɗayan ba ne.

Lauya ita ce likitancin 'yan adabi, da irin takunkuminta. Jami'ar da ta wuce kasonta, ɗalibanta ne suke biya: su gama shekara biyar su zauna jiran layin makarantar lauyoyi. Hukunci ma yana hawa kan jami'ar. A farkon 2025 JAMB ta sanar cewa ba za ta ba da gurbin lauya a jami'o'i 8 ba saboda dakatarwar da Majalisar Ilimin Shari'a ta yi musu. Duk wanda zai cike lauya ya fara duba wannan.

Kuskuren da ya fi kayar da 'yan wannan ɓangaren shi ne haɗin darussa. Lauya tana neman Adabin Turanci a yawancin jami'o'i, kuma makarantun sakandare da yawa a nan ba su da malaminsa, sai yaro ya cike Gwamnati da Addini da Hausa ya ci maki mai yawa a banza. Inda ake haɗa karatun da shari'ar Musulunci sharuɗɗan sukan ɗan bambanta, a karanta na jami'ar da kanta a kundin JAMB. Tattalin Arziki da akanta suna neman Lissafi a JAMB ɗin kanta, ba a takardar sakandare kaɗai ba. Kimiyyar kwamfuta tana neman Lissafi da Fiziks. Nan ne mai haɗin likitanci yake maƙalewa: ya zauna Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, babu Lissafi, don haka ba zai iya sauyawa zuwa injiniyanci ko kwamfuta da wannan sakamakon ba ko ya ci 300. Galibi abin da ya rage masa kwasa-kwasan lafiya ne, kimiyyar halittu da wasu na noma.

Inda na ɗan saɓa da Likita shi ne yadda ake maganar Maikurobayoloji kamar ta'aziyya. Sauƙin shiga da sauƙin karatu abu biyu ne. Lissafi da Fiziks suna cikin masu arhar shiga, suna kuma cikin masu wahalar fita da sakamako mai kyau. Yaron nan mai 192 zai gane haka a zangon farko. Tsadar kwas a ƙofa tana nuna abin da iyaye suke ganin zai kawo aiki da suna ne a wannan lokacin, ba nauyin ilimin da ke ciki ba. Wanda aka tura kwas yana ƙinsa, yana jiran ranar sauyawa, shi ne yake fita da sakamako mai rauni, ya rasa nan ya rasa can. In za ta karɓa, ta karɓa da niyyar yi. Mai digiri mai daraja ta ɗaya ko babbar ta biyu a irin wannan fanni yana iya neman likitanci ta DE daga baya a jami'o'in da suke karɓa, ko da yake nan ma layin dogo ne.

Hajiyar Rajista:

Ƙarin bayani kan saƙon da kuka gani, Kawu, don kada a danna abu cikin gaggawa. Mataki biyu ne. Amincewa da sauyin kwas shi ne na farko: da zarar ta amince, an cire ta daga layin likitanci an sa ta a na Maikurobayoloji. In ta ƙi, tana nan a layin likitanci, amma jami'a ba ta cika aiko da irin wannan tayin ba sai ta riga ta ga jimillar yaro ba za ta kai ba. Bayan amincewar ne gurbin kansa zai fito, shi ma sai ta danna karɓa cikin wa'adin da aka ba shi, sannan ta buga takardar shaidar gurbi ta JAMB. Wanda ya karɓi gurbi, wata makaranta ba za ta iya ɗaukarsa a wannan shekarar ba, don haka in kuna tunanin sauya jami'a, a yi shi kafin karɓa, a cibiyar CBT mai rajista, bayan an tabbatar waccan jami'ar ba ta rufe tantancewarta ba.

Duk wanda kuma ya ce a kawo kuɗi zai sa sunanta a likitanci ta bayan fage, ku tambaye shi ko zai fito a CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, sunanta ba zai hau jerin ɗaliban da hukumar ta amince da su ba, kuma da wannan jerin ake tura masu yi wa ƙasa hidima.

Kawun Yara:

Na gode ƙwarai. Na karɓi takardar na duba: Fiziks 49 ta ci, Bayoloji 72. Gobe in Allah ya kai mu zan je jami'ar in tambayi jimillarta da inda aka tsaya a layin jiharmu, sannan mu zauna da ita da mahaifinta kafin a taɓa komai a CAPS ɗin.